Daga fada zuwa fadama: lamarin wani ɗan koyon gyaran injin ban ruwa a Tawa

Duk shirin koyar da sana'a da za a kawo wa matasan Tawa yana da abokin takara tun kafin a buɗe ƙofar aji, wato tasha. Da an gama yankan gero an kai damma rumbu, samarin Adar sai su fara ɗaure kaya. Wasu Abijan, wasu Legas ko Kano, wasu Kamaru da Gabon, wasu kuma su bi hanyar Agadas su nufi Libiya ko Aljeriya. Kakanni sun yi bida, iyaye sun yi, kuma gidajen siminti da yawa a ƙauyukan Keita da Buza da Illela kuɗin bida ne ya gina su. Wanda ya ce wa ɗan talaka ya zauna wata 6 ya koyi sana'a, da wannan hanya yake ja, hanyar da yaron ya ga ta ciyar da gidan maƙwabtansu.

Lamarin da zan bayyana na yaro guda ne da ya zauna. Ni malamin firamare ne, na koyar da shi a aji 5, kuma katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, don haka abin a gabana ya faru. A gida Auta ake ce masa, da haka zan riƙa kiransa. Ba zan ambaci sunan shirin da ya horar da shi ba, ko na maigidansa. Abin da ya dame ni shi ne a ga inda ƙafar yaro talaka take zamewa tsakanin ranar da aka rubuta sunansa da ranar da sana'a ta fara ciyar da shi, domin a wannan tsakanin ne muke asarar mafi yawansu.

Gidan da ya fito

Shekararsa 19 lokacin da abin ya fara, bayan damina ta 2022. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. Wansa yana Abijan, yana aiki a rumfar garba, abincin nan na rogo da soyayyen kifi da ƴan Nijar suka yi suna da shi a can. Yakan aiko, amma ba kowane wata ba. Matar wan da ƴaƴanta biyu suna gidan. Innarsu tana tuyar ƙosai da safe a ƙofar gida. Baki biyar ke nan a kan kaskon ƙosai da ƴar gonar gado da ba ta kai su rabin shekara.

Auta ya kai koleji, ya maimaita aji na biyu, bai wuce ba, aka sallame shi. Faransanci yana karanta shi da ƙyar, amma lissafi ya zauna masa. Daga nan sai fada: shayi, karta, waya, hira har dare ya raba. Daga baya ya samu babur ɗin wani yana kabu-kabu, kullum da yamma ya kai wa mai babur nasa, ya zuba mai, abin da ya rage ya raba biyu da innarsa. Kuɗin ba su da yawa, amma kullum suna shigowa, kuma a gidan da ake auna hatsi tiya-tiya, kullum ɗin nan ita ce magana.

Irinsa ba su ƙirguwa. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da miliyan 3 a jihar Tawa kaɗai. Hukuma ta san da haka. A zamanin Mahamadou Issoufou an sa burin a kai kason ɗaliban koyon sana'a da fasaha kashi 40 cikin 100 na masu karatun bayan firamare zuwa 2021, aka yi ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi. Akwai asusun FAFPA da ke ɗaukar nauyin horo da koyo a hannun masu sana'a, an kuma yi shirin PRODEC na koyar da matasa sana'a, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2013, ga na ƙungiyoyin ƙasashen waje. Ƙofofi sun ƙaru ƙwarai idan aka gwada da lokacin da muke yara. Tambayar ita ce wa yake iya shiga, kuma wa yake iya jurewa har ya fita ta ɗaya gefen.

Rubuta suna

Mai unguwa ne ya yi shela, rediyo ma ya faɗa. Ana neman matasa marasa aiki waɗanda ba sa makaranta, a kawo takardar haihuwa da hotuna. Auta yana da takarda saboda ya yi boko. Yara da dama na fadarsu, waɗanda allo kawai suka yi ko aka haife su a ƙauye ba a kai rahoto ba, ba su da ita. Kafin su je kotu a yi musu takardar da ke maye gurbinta, su nemo shaidu, su biya abin da ake biya, an rufe rajista. Tun a matakin farko ke nan shirin da aka yi domin mafi talauci ya tace mafi talaucin ya zubar. Ban ga mugunta a ciki ba. Mai ba da kuɗi yana son ya tabbatar da shekaru. Amma da an sa neman takardar cikin aikin shirin, a kwashi yaran a kai su kotu rana ɗaya, da an samu waɗanda aka fito nema.

Wajen zaɓen sana'a, yawancin samari lantarkin gida suka nema, ko walda, ko gyaran waya. Ƴan mata kusan dukansu ɗinki aka rubuta musu, a garin da kowace unguwa take da teloli fiye da masu kawo ɗinki in ba lokacin salla ba. Auta ma gyaran babur ya so, tunda shi ya sani. Wanda ya karkata shi wani tsohon makanike ne, aminin mahaifinsa, mai gareji kusa da kasuwa, yana cikin masu sana'ar da shirin ya ɗauka su karɓi ƴan koyo. Na raka yaron wurinsa, ya dube ni ya ce:

"Malam, garin ga kowane lungu da mai gyaran babur. In kuna son ɗan ga shi ci abinci, ku bar shi shi koyi injin ruwa. Mai babur na iya jiran gobe, mai albasa ba ya jira."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce shawara mafi daraja da Auta ya samu a lamarin gaba ɗaya. Jihar Tawa ita ce gidan albasar Galmi, wadda ake lodawa zuwa Ghana da Kwaddebuwa da sauran ƙasashen yankin. Kwarin Majiya, kwarin Tarka, fadamun Keita da Tamaske, bakin tafkin Tabalak, duk inda ruwa yake kusa akwai garake, kuma kusan kowace garka a kan ɗan injin fetur take rayuwa. Aikin yana can cikin fadama. Masu gyaran kuwa sun taru a gari.

Wata 6

Tsarin shi ne kwana biyu a cibiya, sauran kwanakin mako a gareji. A cibiya malamin saurayi ne mai ilimi da niyya, amma da Faransanci ya fara, yana zana inji a allo, rabin ajin suna kallonsa kawai. Da ya lura ya koma Hausa, sai aji ya farka. Wannan bai kamata ya rataya a kan lurar malami guda ba. Tun watan Maris na 2025 kundin da ƙasa take tafiya a kansa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Horon da aka shirya wa waɗanda boko ta ajiye a hanya shi ya fi cancanta a fara yi da harshen da suke ji.

Abin da ya fi harshe cin mutane shi ne ciki. An yi alkawarin ɗan kuɗin abinci da na mota kowane wata. Na farko bai fito ba sai da aka shiga wata na uku. A ofis wannan jinkirin takardu ne. A gidan su Auta kuwa yana nufin kuɗin kabu-kabu sun tsaya, babu abin da ya maye gurbinsu, kuma daidai lokacin da motocin bida suke cika a tasha. Su wajen 20 suka fara a rukuninsu. Kafin kuɗin su iso, wasu sun riga sun tafi. Cikinsu har da babban abokinsa, wanda hannunsa ya fi na Auta saurin kama aiki. Ya bi ta Agadas a lokacin da dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure take aiki, hanyar ta yi tsada ta yi haɗari saboda direbobi suna kauce wa sanannun rijiyoyi. Da zai tafi ya ce wa Auta: "Kai zamna ka koyi kwance inji. Ni in na komo, ni ka sayen injin." Zomo ba ya kamuwa daga zaune, haka suke cewa, kuma ba ka da bakin musa wa wanda ya kwana bai ci ba.

Abu uku suka riƙe Auta. Maigidansa yana sa shi cikin kwanon gareji da rana, wani lokaci ya miƙa masa dala ɗari da yamma. Innarsa tana cikin asusun Mata Masu Dubara na unguwa, tsarin nan na tara kuɗi da ba juna rance da aka faro a jihar Maradi a 1991. Ta ci bashi ta toshe ramin wata biyun. Shi kuma yana karɓar babur bayan isha ya yi kabu-kabu har tsakar dare, ya zo gareji da safe ido ja. Yaron da ba shi da ko ɗaya cikin ukun nan ba zai kai ba, ko da kansa ya fi na kowa.

A garejin ma akwai wata wuta da masu shirin ba su hango ba. Maigidan yana da nasa yaran, waɗanda iyayensu suka kawo tun suna ƙanana, wasu shekara 4, wasu 5 suna wanke ƙarfe suna cin faɗa, suna jiran ranar da za a sallame su da albarka. Sai ga baƙi an kawo, an ce wata 6 za su yi, a ba su takardar shaida da akwatin kayan aiki kyauta. Wa zai ji daɗi? Makonnin farko Auta bai taɓa inji ba. Aike, ɗebo ruwa, wankin kafireta da fetur, in ya nemi sifana a ce ba a gan ta ba. Sai da maigidan ya tara su ya ce kayan aikin da shirin ya ba gareji na kowa ne, kuma ya haɗa Auta da babban yaronsa ya ce duk injin ruwan da ya shigo su biyu za su kwance, ladan kuma na babban ne. Daga nan aka fara koya masa da gaske. Har yau ina ganin an zalunci waɗancan yaran. Su ne ƴan koyo na asali, su ma ƴaƴan talakawa ne, sun riga sun nuna za su iya jurewa. Da an ba su darasin cibiya da takarda da kaya, da kuɗin sun faɗa inda ba za su zube ba.

Abin da ya koya ba shi da ƙyalli amma shi ne abincin. Injinan ƙanana ne, masu bakin inci 2 ko inci 3, yawancinsu ƙirar Sin da aka kwaikwayi Honda, ana shigo da su ta Konni. Cutarsu sananniya ce: man kwalba mai datti ya toshe kafireta, buji ya yi baƙi, ƙurar hunturu ta cika matatar iska, manomi ya ƙi canja baƙin mai har fistin ya ci jiki, igiyar tayarwa ta tsinke. Sai ɓangaren ruwa, wanda masu gyaran babur ba su sani ba: robar da ke hana yoyo tsakanin inji da famfo, fankar da ke tura ruwa, bawul ɗin ƙasan tiyo. Ya koyi cewa irin wannan inji ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8 komai ƙarfinsa, shi ya sa in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya manoma suke haƙa rami a gefen rijiya su saukar da injin. Wannan a cibiya ya ji dalilinsa, a gareji kuwa aiki kawai ake yi ba a faɗin dalili. Nan ne na ga amfanin haɗa biyun.

Bayan biki

An yi bikin sallama a watan Afrilu na 2023, da rumfa da jawabai da hotuna. A lissafin shirin, Auta ya zama wanda aka horar, an gama da shi. A lissafin fadama kuwa an sallame shi daidai lokacin da ake cire albasa ana naɗe tiyo. Aikin ban ruwa daga wajen Oktoba yake farawa da yafa iri, ya yi ƙarfi daga Nuwamba zuwa Maris. Akwatin kayan aikin ma sai da hadari ya fara haɗowa ya iso. Yaro ya fito da sana'a a hannu, kasuwarta ta rufe sai bayan wata 6. Da an tambayi manomi guda kafin a tsara kalanda, da ya faɗa: a fara horo da damina, a gama kafin dashe.

Wasu cikin rukunin sun sayar da akwatunansu a kasuwar Lahadi. Na ji manya suna zaginsu, suna cewa ƴaƴan yanzu ba su san alheri ba. Ban yarda ba. Akwati ne da ba zai kawo ko dala ba sai bayan rabin shekara, ga gida babu hatsi a tsakiyar bazara, ga kuɗinsa sun isa kuɗin mota zuwa inda ake jin akwai aiki yau. Lissafi suka yi, lissafin mai yunwa. Na Auta ya tsira ne saboda innarsa ta tura shi ƙarƙashin gadonta ta ce wanda zai fitar da shi sai ya ɗaga ta.

Daminar nan ita ce mafi wuya. An ce za a biyo su a ga yadda suke, a haɗa su da masu ba da ƙaramin rance. Sai aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, masu ba da tallafi da yawa suka dakatar da ayyukansu, maganar bibiya ta mutu. Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ƴan rukunin walda da na lantarki suka zauna suna kallon kayansu. Auta ya yi noma, ya koma kabu-kabu, ya koma fada. Wansa ya aiko da kuɗin mota ya ce a waya: "Ƙanena, ka taho. Rumfa na neman hannu, kwana da abinci duk nawa ne." Inna ba ta ce kada ya tafi ba. Ta dai ce ya je ya sallami Babansa na gareji tukuna, don ba a barin wanda ya ciyar da kai ba sallama.

Sunan maigida

A wurin sallamar ne lamarin ya juya. Maigidan yana da wani tsohon abokin ciniki, Alhaji mai garake a wajen Tamaske, wanda yakan ɗoro injinansa a mota ya kawo Tawa duk lokacin da suka lalace, ya rasa kwana biyu ko uku na ban ruwa. Albasa saiwarta ba ta nisa. Kwana uku babu ruwa cikin zafi ya isa ya taɓa amfanin. Maigidan ya kira shi a gaban Auta ya ce zai turo masa ɗansa Auta ya zauna can har a cire albasa, in ya ɓata inji shi maigidan zai biya. Sannan ya juyo ya ce: "Ɗana, sunana na ba ka aro. Ka maido mini shi yadda na ba ka."

Babu manomin da zai miƙa injin da ya ci bashi ya saya ga baƙon yaro don ya nuna masa takarda mai hatimi. Abin da yake tambaya shi ne yaron wane ne. Wannan lamunin shi ne gadar da ta ɗauke Auta daga horo zuwa aiki, kuma babu layinsa a kasafin kowane shiri da na sani.

Ya mayar wa wansa kuɗin motar, ya tafi da akwatinsa a watan Nuwamba. A zauren Alhaji yake kwana, daga gidan ake ba shi tuwo. Aikin da ya fito da shi wani inji ne na maƙwabcin Alhaji, yana tashi lafiya yana ruri amma ba ya jan ruwa. An riga an canja masa kafireta a banza. Auta bai taɓa injin ba. Ya bi tiyon zuƙa da tafin hannu har ya ji inda ya tsage yana shan iska, ya yanke wurin ya ɗaure, ruwa ya taho. Kafin mako ya zagayo ana aiko yara da kekuna suna neman yaron Alhaji.

Samun aiki bai zama samun kuɗi nan take ba. Manomin albasa a watan Disamba ba shi da ko sisi, duk ya zuba a iri da taki da mai da ƴan dashe. Gyara bashi ne sai an cire. Nan lissafin aji 5 ya yi rana: ya sayi ɗan littafi yana rubuta suna da aiki da kuɗi, yana karanta wa mai inji a gaban shaida. Duk da haka wasu sun ci, wasu kuma da buhun albasa suka biya a watan Afrilu, lokacin da kasuwa ta cika farashi ya faɗi ƙasa. Shekarar farko ya sayar nan take don yana bukata. Ta biyu ya roƙi Alhaji wuri a rudunsa, wato rumbun ajiyar albasa, ya ajiye wasu buhuna har farashi ya ɗaga. Wani kaso ya ruɓe, amma abin da ya rage ya fi abin da zai samu da ya sayar duka a kakar.

Matsala ta biyu kayan gyara. Ya gano cutar cikin minti goma, amma robar da za a sa tana Tawa ko Konni. Sai a jira mai zuwa gari, ranar ta tafi. Inna ta sake cin bashin asusu, ƙarami, aka saya masa buji da robobi da igiya da baƙin mai ya tafi da su. Wannan ɗan jarin ya ɗaga samunsa fiye da komai, domin yanzu yana gyarawa a tsaye, kuma kayan gyara ba ya ba da su bashi, ladan hannu kawai yake jira. Irin rancen da shirin ya yi alkawari ke nan bai kawo ba, matan unguwa masu zuba dala ashirin-ashirin a mako suka kawo.

Kasuwar ma ta canja a hannunsa. Da Nijeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen Mayu na 2023, man ƴan ruwa-ruwa da manoman kan iyaka suka dogara da shi ya daina araha. Masu garka da yawa suka ƙara karkata ga tayar da inji da tukunyar gas, wanda matatar SORAZ ta Damagaram take samarwa tun da aka buɗe ta a 2011. Ba a koya musu wannan a cibiya ba. Wurin maigidansa ya koma ya gani, ya haɗa da abin da wasu manoma suka riga suka ƙware a kai. Abin da ya ƙara nasa shi ne ba ya barin wuri sai ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa ya ga babu kumfa, saboda ya ga yadda ake ɗaure tiyon gas da robar taya a kunna taba a gefe.

Inda ake yanzu

A watannin ban ruwa masu kyau, abin da yake samu yana wuce jikka 42 a wata, wato sefa dubu 42, mafi ƙarancin albashin da hukuma ta ƙayyade tun farkon 2024. Da damina kuwa kusan babu komai, sai noma da ɗan taimako a gareji. In aka baje a shekara, talaka ne har yanzu, amma talakan da ya biya wa innarsa bashin asusu biyu, yake saya wa gida buhun hatsi kafin bazara, kuma ya daina hawan babur ɗin wani. Wani jikan Alhaji yana bin sa yana riƙe masa sifana. Sauran ƴan rukuninsu da nake gani a gari, kaɗan ne suke cin abinci da abin da aka koya musu. Akwai mai walda guda da ya samu shiga wurin kawunsa, shi ma ta hanyar dangi.

In an tambaye ni ko horon ya yi amfani, zan ce ya yi, ba tare da shi ba babu abin da maigidan zai lamunta. Amma in na jera abubuwan da suka tsayar da yaron nan, kwanon gareji, asusun mata, gadon Inna, sunan maigida, zauren Alhaji, zan ga duk daga aljihun talakawa suka fito, kuma duk sa'a ce ta haɗa masa su. Shiri na gaskiya shi ne wanda zai tanadar wa yaron da ba shi da wannan sa'a irin waɗannan abubuwa: kuɗin abinci tun makon farko ba tare da jinkiri ba, kalandar da ta bi kakar sana'ar, maigidan da aka yi yarjejeniya da shi ya raka yaro har wurin masu kawo aiki, da ɗan jarin kayan gyara. Ko da hakan zai sa a horar da 10 a maimakon 20, na fi son 10 ɗin.

Yanzu abin da ke gabansa sola ce. Manoma masu hali sun fara kafa faranti da famfon da ake zurawa cikin rijiya, babu fetur babu gas babu buji. In ya lalace, matsalar takan kasance a akwatin da ke sarrafa wuta ko a wayoyi, abin da sai da na'urar awon wuta da sanin lantarki. An kira Auta kan irinsa ya tsaya yana kallo. Ya nemi gajeren horo na ƴan makonni da damina, inda ya je aka duba aka ce ya riga ya amfana sau ɗaya, a bar wa wasu. Ya samu wani mai haɗa sola a Konni ya tambaye shi ko zai karɓe shi wata biyu. Mutumin ya yarda amma ya ce sai an biya shi, kuma abinci da wurin kwana na Auta ne. Auta ya ware kuɗin buhu uku na albasar da ya ajiye, mutumin yana neman na biyar, maigidansa ya ce zai kira shi su yi magana.